Makin jirgi ma kuɗi ne: yadda nake kashe nawa ba tare da an ci ni ba

Takalma da jakunkunan mata nake sayarwa a Kasuwar Gumi, kuma sau uku a shekara, in kasuwa ta yi kyau sau huɗu, nakan tafi Gwanzu ta ƙasar Sin saro kaya. Shekara biyar na yi ina wannan zirga-zirga ban san ana tara wani abu wai shi maki ba, wato ladan da kamfanin jirgi ke ba fasinja a kan tafiyar da ya yi. Ejan ya yanko tikiti, in biya, in kama hanya. Sai a 2017, da aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida don gyaran titin sauka aka karkato da fasinjoji nan Kaduna, jirgin Ethiopian ya riƙa zuwa mana har ƙofar gida. A layin awon kaya wani dattijo ɗan Kantin Kwari da ke gabana ya miƙa wani kati tare da fasfonsa, aka bar masa jaka ta uku ba ko sisi, ni kuwa ina durƙushe ina rage kilishi da yajin da mutane suka ba ni saƙo don kada kilo ya haura. Da muka zauna jiran jirgi na ce, "Baba, wannan katin fa?" Ya tambaye ni shekara nawa nake tafiya, na faɗa masa. Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, ai ka zubar da kujerar Umara a hanya."

Tun daga ranar nake tarawa, kuma na yi wauta iri-iri kafin in gane kan abin. Tarawa ba ta da wuya. A wurin kashewa ake cin mutum, don haka can zan fi daɗewa. Amma akwai 'yan abubuwa da in ba a gyara su ba tun farko, ba ma abin da za a kashe.

Maki iri biyu ne a cikin asusu ɗaya, kuma mutane na rikita su. Akwai na kashewa, wanda ake sayen tikiti da shi, mu 'yan kasuwa mun fi ce masa mayil. Akwai kuma na matsayi, wanda aikinsa ƙirga yawan tafiyarka ne don a ɗaga ka zuwa katin azurfa ko na zinare. Jakar da aka bar wa dattijon nan albarkacin katin zinare ce, ko maki ɗaya bai kashe ba. In ka kashe mayil ɗinka, matsayinka ba ya taɓuwa. Na san wanda ya ƙi taɓa nasa har suka mutu, wai don tsoron kada a sauke shi daga azurfa.

Manyan kamfanonin jirage sun kasu cikin ƙawance uku. Star Alliance, wadda aka kafa a 1997, a cikinta Ethiopian da EgyptAir da Turkish da Lufthansa suke. Oneworld ta 1999 ita ke da Qatar Airways da British Airways da Royal Air Maroc. SkyTeam ta 2000 kuma can za ka sami Saudia da Air France da KLM da Kenya Airways. Emirates ba ta cikin ko ɗaya. Amfanin sanin wannan shi ne, lambarka ta ShebaMiles, wato tsarin Ethiopian, kana iya bayar da ita ko jirgin Masar ko na Turkiyya ka hau, makin ya faɗa tukunya ɗaya, daga tukunyar nan kuma ka sayi kujera a kowanne cikinsu. Mai asusu huɗu, dubu tara nan, dubu shida can, a gaskiya ba shi da komai, don ba a haɗa su, kuma ba wanda ya kai kuɗin tikiti.

Asusun kuma ka buɗe shi da hannunka, da imel ɗinka da lambar wayarka. Ranar da na je buɗe nawa a wani kamfani da na sha hawan jirginsa, sai aka ce ai akwai mai wannan suna da wannan ranar haihuwa. Ashe wani ejan da na taɓa hulɗa da shi ne ya buɗe da sunana amma da imel ɗinsa. Duk sanda ya yanka min tikiti sai ya sa lambar, in maki ya taru ya yanka wa wasu tikiti da shi ya karɓi kuɗinsu. Na bar shi da Allah, amma na canja eja. Sannan sunan da ke asusun ya zama harafi da harafi irin na fasfo. In fasfo ya ce Muhammad kai ka rubuta Mohammed, ko ka juya sunanka da na mahaifinka, makin na iya ƙin shiga. Katin shiga jirgi kuwa kada ka yar sai ka ga makin a manhaja, don da shi za ka nemi haƙƙinka in bai shigo ba, kuma akwai wa'adin 'yan watanni da in ya wuce ba a sauraron ka.

Abuja zuwa Gwanzu ta Adis Ababa, zuwa da dawowa, ya kai kusan mil 14,000. Kada ka ɗauka duka za a zuba maka a matsayin maki. Kowane tikiti yana da harafin farashinsa, akwai wanda ake ba ka duka, akwai rabi, akwai rubu'i, akwai wanda ko ɗaya babu, musamman tikitin gungu da wasu ejoji ke saye da yawa su raba. Tambayi ejanka harafin kafin ka tura kuɗi.

To, yanzu kashewa.

Kuskurena na farko shi ne kallon makin a matsayin tsintuwa. Abin da aka tsinta ba a taya shi, duk abin da aka ba ka sai ka ce madalla. Alhali da kuɗina na saye shi, an dai cusa farashinsa ne a cikin tikitocin da na biya. Tunda kuwa kaya ne, sai a san farashinsa kamar yadda na san nawa katan ɗin takalmi ya tasar min. Lissafin bai fi ƙarfin kalkuletar waya ba. Nemi farashin tikitin da kuɗi, na wannan rana da wannan jirgi. Cire harajin da za a sa ka biya in ka yi amfani da maki. Abin da ya saura ka raba shi da yawan makin da aka nema. Amsar ita ce nawa kamfanin ya saya maka maki ɗaya.

Bari mu ƙaddara, don misali kawai. A ce tikiti naira 1,200,000 ne da kuɗi, da maki kuma 40,000 da harajin naira 300,000. Ka ceci 900,000 ke nan, in ka raba da 40,000 kowane maki ya kama naira 22 da kwabo 50. A ce kuma wata tafiyar an yi rangwame, tikiti ya sauko naira 600,000, amma da maki ana neman 35,000 da harajin 320,000. Abin da ka ceta 280,000 ne, maki ɗaya ya kama naira 8. Maki kusan ɗaya aka karɓe maka a tafiyoyin biyu, amma a ta biyun ka sayar da kayanka ƙasa da rabin kuɗinsa. A irin ta biyun ni kuɗi nake biya, in ma ƙara tara wani makin a kai, tunda tikitin da aka yanka da maki ba ya haifar da maki.

Ka yi wannan lissafi sau huɗu ko biyar a hanyoyin da kake bi, ko ba tafiya za ka yi ba. Za ka ga inda farashin ya fi tsayawa, sai ka riƙe shi a matsayin mafi ƙarancin abin da za ka sallama. Nawa rubuce yake a bayan littafin bashin shago, kuma nakan sabunta shi duk sanda dala ta motsa.

Harajin nan shi ne ƙugiyar da ke cikin tsoka. Mutane na jin "tikitin kyauta" sai su ɗauka ba za su taɓa aljihu ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Akwai kuɗin filin jirgi da na gwamnatoci, wannan ba makawa. Akwai kuma wani ƙari da kamfanin da kansa ke ɗorawa, wanda da ake kira kuɗin mai. In ka duba bayanin tikiti za ka gan shi da haruffan YQ ko YR. Shi ne yake bambanta ƙwarai tsakanin wannan kamfani da wancan, har ka ga hanya ɗaya, rana ɗaya, amma wani jirgin harajinsa ya ninka na wani. Saboda haka in manhaja ta nuna maka zaɓi biyu a cikin ƙawance ɗaya, kada idonka ya tsaya kan yawan maki, gangara ƙasa ka ga kuɗin. Masu 'ya'ya a Ingila su ƙara lura: gwamnatin Birtaniya na karɓar haraji a kan kusan duk fasinjan da ya tashi daga ƙasarta, kuma na kujerun gaba ya fi na baya nesa ba kusa ba. Don haka Abuja zuwa Landan da Landan zuwa Abuja ba nauyi ɗaya ba ne, ka lissafa kowace ƙafa daban. Wani lokaci sai ka ga ya fi ka tafi da maki ka dawo da kuɗi.

Da na ambaci Ingila, tun 2022 Qatar Airways ta koma amfani da Avios, makin da British Airways ke amfani da shi. In kana da asusu a duka biyun kana iya haɗa su, ka riƙa tura maki daga wannan zuwa wancan ɗaya bisa ɗaya. Tunda Qatar na sauka Abuja da Kano, British Airways kuma na tashi daga Abuja, ka duba kujera ɗaya ta ƙofa biyu kafin ka yanke shawara.

Yaushe maki ya fi tsada? Lokacin da tikitin kuɗi ya haukace. A tsarin da yake da tsayayyen jadawali, makin da ake nema ba ya tashi sama kamar yadda kuɗi ke tashi, in dai akwai kujera. Mu masu zuwa Gwanzu mun san tsakiyar Afrilu da tsakiyar Oktoba, lokacin da baje-kolin Kanton, wanda ake yi a garin, ke buɗewa, duniya duka can ta nufa. Akwai Disamba, akwai hutun makarantu na Yuli da Agusta. Akwai tafiyar gaggawa, a ce maka gobe ana son ganinka a asibiti a Alƙahira. Akwai kuma tafiyar ƙafa ɗaya, kamar yaron da zai tafi karatu ba a san ranar dawowarsa ba: da kuɗi, ƙafa ɗaya takan haura rabin kuɗin zuwa da dawowa sosai, amma da maki yawancin tsare-tsare rabi suke karɓa. Sai dai wasu kamfanonin, irin su Air France da KLM a tsarinsu na Flying Blue, ba su da tsayayyen farashi, makin na hawa da sauka tare da kasuwa. A can dabarar ita ce duba kwanaki da yawa, da kuma rangwamen da suke fitarwa wata-wata.

Matsalar ita ce "in dai akwai kujera" ɗin nan. Jirgi na iya zama rabinsa wayam amma a ce maka babu kujerar maki, domin 'yan ƙalilan ake warewa. Na koyi wannan ne da na ƙudurta kai Hajiyarmu Umara a goman ƙarshe na azumi. Na tara maki ya isa, na zauna saura wata biyu na buɗe manhaja da ƙwarin gwiwa. Ko ɗaya babu, ta Adis babu, ta Alƙahira babu, ta Santambul babu. Ashe kamfanoni na buɗe jadawalinsu ne kimanin wata goma sha ɗaya kafin ranar tashi, British Airways ma kwana 355 cif, kuma masu wayo ranar suke kwashewa. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Mai son azumin baɗi, ana gama sallar bana ya fara dubawa, ya kuma tuna azumi na matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, ya bar wa ganin wata sararin kwana ɗaya ko biyu.

Abin da ya fisshe mu shi ne sassauci. Na je na same ta na ce, "Hajiya, azumin nan fa bai samu ba, amma ga Rajab." Ta ce, "Ɗakin Allah ai bai da ranar rufewa." A Rajab kuwa sai ga kujeru. Ga yadda nake bincike tun daga lokacin: ƙafa ɗaya-ɗaya, ba zuwa da dawowa a haɗe ba, don in ƙafa ɗaya ta ƙi manhajar sai ta ce duka babu. Mutum ɗaya tukuna, don in ka nemi kujera uku alhali biyu suka rage, ita ma babu za ta ce. Tsakiyar mako kafin ƙarshensa. Madina da Jidda duka biyu. In manhaja ta ƙi nuna jiragen abokan ƙawance, kira su ko ka je ofis, wani lokaci ma'aikaci na ganin abin da waya ba ta nunawa. Sannan ka sake leƙawa saura mako biyu ko ɗaya, domin wasu kamfanonin in suka ga kujerun ba za su sayu ba sai su sake su.

Biza da masauki daban ne, ka faɗa wa ejan Umara tun farko cewa tikitinka na hannunka, ya cire kuɗinsa daga jimla. Kujerar Hajji ta hukumar alhazai kuwa, wadda ake kwana a sansanin Mando ana jira, jiragen shata ne, maki ba ya shiga wannan sabgar.

Mu mutanen Kaduna muna da wata gata da ba mu cika lura da ita ba: muna tsakanin filaye biyu. Daga Rigasa jirgin ƙasa zai kai ka Kubwa ko Idu, daga Kawo mota za ta kai ka Kano. Duk binciken da za ka yi, yi shi sau biyu, Abuja da Kano, kuma ba laifi ka tashi ta ɗaya ka sauka ta ɗayan. Legas ta fi yawan jirage da kujeru, amma ka sa kuɗin jirgin cikin gida da na otal a lissafin nan na sama kafin ka yi murna. Kuma in dai tikiti biyu ne daban-daban, ka isa kwana ɗaya kafin ranar. In jirgin gida ya makara ka rasa na waje, ba ruwan kowa da kai.

Kujerar bizines ita ce inda lissafi ke nuna riba mafi tsoka, domin da kuɗi takan ninka ta baya sau uku ko fiye, amma da maki bambancin bai cika kai haka ba. Sai dai a nan mutum ke yaudarar kansa. In da ma ba za ka taɓa biyan miliyoyin nan daga aljihunka ba, to ba su ka ceta ba, kuɗin ikonomi ka ceta, sauran jin daɗi ne. Ni ga Hajiya na yi, saboda ciwon gwiwa ba ya barin ta zama a takure awa biyar, ni kuma na biya kuɗi na zauna baya. Ga ɗan kasuwa akwai wata fuska: a yawancin hanyoyin nan ikonomi jaka biyu ne masu kilo 23, bizines jaka biyu masu kilo 32. Kilo 18 ke nan a kai, ka san abin da kago zai caje ka a kansu, ka sa a lissafi. In kuma ɗaga tikitin da ka riga ka saya kake so a yi da maki, tambaya tun kafin ka saya, don mafi arahar haruffa ba a ɗaga su.

Abubuwan da ba na kashe maki a kansu: kantin kamfanin, inda za a karɓe maka maki 12,000 a kan abin sauraren kunne da za ka samu naira 60,000 a kan titin Ahmadu Bello, wato naira 5 ke nan kowane maki. Otal da hayar mota, su ma haka. Tsarin nan na "biya rabi da maki rabi da kuɗi" da ke fitowa lokacin biya, galibi farashi mai rauni yake bayarwa, gwada shi da kalkuleta ka gani. Sayen maki da dala kuwa sai in 'yan dubbai kaɗan suka rage min in cike tikitin da na riga na ga kujerarsa.

Amma kada tsantseni ya koma rowa. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Maki na mutuwa: na Emirates da na Turkish shekara uku suke yi, ko kana tafiya ko ba ka yi, yayin da Avios ke rayuwa muddin ba ka bar asusun shiru wata 36 ba. Ni ma na taɓa yin asarar dubu goma sha wani abu a wani kamfani don ban karanta imel ba. Kamfani kuma na iya wayar gari ya ƙara farashi, kamar yadda Turkish ta yi a farkon 2024. Gaskiya ne tun da aka saki naira a Yunin 2023 wanda yake riƙe da maki ya ga darajarsa ta tashi in aka auna da naira, tunda tikitin waje dala yake bi. Duk da haka ba asusun ajiya ba ne. In ya isa tikiti mai kyau, kuma farashin ya haura wanda ka rubuta, kashe shi. In kuwa saura wata ɗaya ya mutu kuma ba tafiya a gabanka, to ko abin sauraren kunnen ne karɓa.

Ba sai kai ne za ka hau ba. Yawancin tsare-tsare sun yarda ka yanka wa matarka ko mahaifiyarka tikiti kai tsaye daga asusunka, wannan ya fi tura musu maki, don turawa kuɗi ake caja. Wasu, kamar Emirates da British Airways, suna da asusun iyali inda makin mutanen gida ke haɗuwa. Sayarwa dai dokarsu ta hana, kuma masu tallar "tikitin maki mai araha" a WhatsApp, in kamfani ya gano sai ya soke tikitin ya rufe asusun, wani lokaci kana tsaye a filin jirgi da jakunkunanka.

Ranar da ka ga kujera, ka kasance da katin da zai biya harajin a hannu, don katin naira ba kullum yake wucewa a shafukan waje ba, kujerar kuma ba ta jiran ka je wurin ɗan canji ka dawo. Karanta kuɗin sokewa da na canja rana kafin ka danna. Bayan ka biya, tabbatar an turo maka lambar tikiti mai alƙaluma 13, ba lambar ajiye kujera kaɗai ba. In jirgin abokin ƙawance za ka hau, shiga shafinsu shi ma ka ga sunanka ya fito, ka zaɓi kujera, ka nemi keken guragu tun a lokacin in da tsohuwa za ka yi tafiya.